Bayan Saki, Wa Ke Riƙe Yara? Abin da Shari'a Ta Tsara da Abin da Ake Yankewa a Zaure

A ƙauyukan Kano da Jigawa akwai ranar da bazawara mai goyo take fargabar zuwanta, ita ce ranar yaye. Yaro ya cika shekara biyu ko ya kusa, sai ƙanin tsohon mijinta ya tsayar da babur a ƙofar gida, ya yi sallama, ya durƙusa ya gai da mahaifinta a zaure, ya ce, "Baba, Yaya ne ya aiko ni in taho da yaron." Dattijo ya leƙa cikin gida ya ce a haɗa masa kayansa. A ƙulla 'yan rigunansa a leda, a ɗora shi a kan tankin babur yana miƙo hannu yana kuka, uwar tana tsaye a bayan ƙyaure, goggonninta suna ce mata ta yi haƙuri, ai ɗa na uba ne. Babu alƙali a wurin, babu takarda, babu wanda ya tambayi matar da za ta karɓi yaron a can ko tana so. Yawancin shari'un riƙon yara a karkara a nan ake yanke su, kuma son kan da ake kuka da shi, na fifita namiji a kan mace, a nan yake farawa, tun kafin a ji sunan kotu.

Maganar "ɗa na uba ne" gaskiya ce, amma an ɗora mata kayan da ba nata ba. A fiƙihun Malikiyya, wanda da shi kotunan Shari'a na Kano da Jigawa suke hukunci, abubuwa uku ne daban-daban da mutane suke cakuɗawa. Akwai nasaba da walicci: yaro sunan ubansa yake amsawa, shi yake gada, uban ne ke da ta cewa a kan karatunsa da tarbiyyarsa da dukiyarsa da aurar da 'ya mace. Akwai ciyarwa: ci da sha da sutura da magani da wurin kwana, duk a wuyan uba. Sannan akwai riƙo, abin da malamai ke kira hadana: wanka, ciyar da shi a baki, jinya, kwana da shi, sa masa ido dare da rana. Na farko da na biyu na uba ne, saki bai taɓa su ba. Na uku na uwa ne da danginta mata. Idan ka bi diddigin rigingimun da ake yi, za ka tarar ko dai uba ya ɗauka walicci ya ba shi riƙo, ko ya ɗauka rashin riƙo ya sauke masa ciyarwa, ko kuma uwa ta ɗauka riƙo ya share waliccin uba.

Tushen hukuncin sananne ne. Wata mata ta zo wa Manzon Allah (SAW) ta ce cikinta ne ya ɗauki ɗanta, nononta ya sha, cinyarta ce makwancinsa, ga shi ubansa ya sake ta yana son ƙwace shi. Sai ya ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. Abu Dawuda ne ya ruwaito. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma akwai labarin Sayyidina Umar, wanda ya rabu da matarsa Ba'ansariya, ya je Ƙuba ya tarar da ɗansa Asim yana wasa a farfajiyar masallaci, ya ɗauke shi ya ɗora a kan abin hawansa. Kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi, suka je gaban Sayyidina Abubakar, ya ce wa Umar ya bar mata shi, Umar bai ƙara ko kalma ba. A lura da wadda ta yi ƙarar: kaka ce, kuma ta yi nasara a kan mutum kamar Umar.

Zuwa yaushe uwa take riƙo? Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane zauren karatu a ƙasar Hausa ake biya ta, ta faɗa a fili: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Yaye ba iyaka ba ne. Shekara bakwai ɗin da ake yawan ji a bakin mutane daga wasu mazhabobi take. Hanafiyya suna mayar da yaro namiji ga uba a shekara bakwai, mace a wajen tara. Shafi'iyya suna ba yaro zaɓi idan ya yi wayo. Mutum ya ji wannan a wa'azin rediyo, sai ya tafi kotu da shi, ya yi mamaki da alƙali ya ce masa ba da shi ake hukunci a nan ba.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne jerin masu riƙo idan haƙƙin uwa ya faɗi. Mutane suna ɗauka daga uwa sai uba, alhali a Mukhtasar na Shehu Khalil daga uwa sai mahaifiyarta, sai kakarta, sai 'yar'uwar uwa, yayarta ko ƙanwarta, sai innar ita uwar, sai kaka ta wajen uba, sannan uba. Bayansa a zo kan yayar yaron mace, sai goggonsa, a gangara. Ka ga ke nan akwai mata da yawa a gaban uba a layi, kuma ko mahaifiyarsa ma tana gabansa. Matsayin 'yar'uwar uwa daga hadisin 'yar Sayyidina Hamza yake, inda Annabi (SAW) ya ba Ja'afar riƙonta saboda innarta ce matarsa, ya ce 'yar'uwar uwa a matsayin uwa take. Don haka idan bazawara za ta je kotu, babbar dabara ita ce ta tafi da mahaifiyarta. Kaka tana da haƙƙin kanta, tana iya nema da bakinta, kuma idan ba ta nema ba alƙali ba zai tafi gida ya kira ta ba.

Abin da ke kayar da haƙƙin uwa

Na farko shi ne aure, kuma nan ne maganar take da nauyi. A karkara bazawara ba ta daɗewa. Gidan iyaye ba ya iya ɗaukar ta da 'ya'yanta, surutun unguwa ya yi yawa, idda na ƙarewa masu nema sun fito. Har gwamnati ta shiga aurar da zawarawa a Kano tun 2012. To da zarar ta yi aure ta tare da mutumin da ba muharramin yaron ba ne, riƙonta ya faɗi, ya koma ga ta gaba a layi. Ɗaurin aure kaɗai bai isa ba, sai an tare. Kuma a zance mafi shahara a mazhabar, ko wannan aure na biyu ya mutu, riƙon ba ya dawo mata kai tsaye. Wannan ya sa ya kamata mace ta zauna da mahaifiyarta da waliyyinta su tsara inda yara za su zauna kafin a sa ranar tariya, domin bayan tariya magana ta fita daga hannunta.

Akwai togaciya da yawancin mata ba su sani ba. Idan wanda riƙon zai koma hannunsa ya san ta yi aure, ya yi shiru shekara guda ba tare da uzuri ba, ya rasa damar karɓa. Uban da ya ga tsohuwar matarsa ta yi aure da yaro ɗan shekara uku a hannunta, ya kawar da kai shekara biyar, sai da yaron ya isa kiwon awaki da ɗiban ruwa ya zo nema, alƙali yana da hujjar da zai hana shi. Haka idan mijin da ta aura muharramin yaron ne, kamar baffansa, ko jariri ne da ya ƙi kama nonon kowa sai nata, ko babu wani mai riƙo amintacce a bayanta, riƙo yana nan a hannunta. Ita kuma kaka, sharaɗinta shi ne kada ta kasance gida ɗaya take zaune da 'yar tata da mijin da ta aura.

A nan masu cewa ana fifita namiji suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su da kyau. Mace ta yi aure ta rasa riƙo, namiji ya auri uku babu abin da ya rasa. Dalilin malamai shi ne sabon miji yana da haƙƙi a kan lokacinta, kuma ba kowane namiji ne ke sake wa agola fuska ba. Duk wanda ya san zaman agola a wasu gidaje ba zai ce tsoron banza ne ba. Amma matar uba fa? Shari'a ba ta manta da ita ba. Sharaɗi ne ga namijin da zai karɓi riƙo ya kasance yana da mace a gida da za ta kula da yaron, mata ko uwa ko 'yar'uwa. Inda ake samun rashin adalci shi ne a binciki gidan mijin uwa ciki da waje, a ɗauki gidan uba a matsayin mai lafiya ba tare da tambaya ba. Alƙali mai lura zai sa a kawo matar da aka ce za ta yi riƙon, ya tambaye ta da bakinta ko ta yarda, 'ya'yanta nawa, ɗaki nawa ne a gidan, ina yaron zai kwana. Ba kowace matar uba ce muguwa ba, akwai waɗanda suka riƙe 'ya'yan kishiya fiye da nasu. Amma matar da aka jibgo mata ɗan shekara biyu tana da goyo da ciki, ba a nemi shawararta ba, ita ma an zalunce ta, kuma a jikin yaron abin zai fita.

Na biyu, sharuɗɗan da ke kan kowane mai riƙo, mace ko namiji: hankali, ƙarfin yin hidimar, amana a addini da ɗabi'a, rashin cuta mai yaɗuwa da za ta cutar da yaro, iya tattalin abin da aka ba shi, da gida mai tsaro musamman ga yarinyar da ta fara tasawa. Tsohuwar da ba ta gani sosai, ita ma sai an ɗauke ta an ajiye, ba za ta yi riƙo ba sai in akwai mai taya ta. Musulunci ba sharaɗi ba ne ga uwa a Malikiyya, abin da ya shafi wasu garuruwan da ake auratayya da Maguzawa ko Kiristoci. Idan an ji tsoron za ta canja wa yaro addini, sai a sa Musulmi su sa ido.

Sharaɗin amana shi ne ƙofar da aka fi cin mutuncin mata ta cikinta. Mutum ya tsaya gaban alƙali ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba ta da kamun kai, yawo take yi." Ƙa'ida ita ce mai da'awa shi ke kawo hujja. Zuwa kasuwa, sana'ar ƙuli-ƙuli ko awara, riƙe waya, zance da mai neman aure bayan idda, babu ɗaya da ke kayar da riƙo. Wanda kuma ya fito ya jefe ta da zina ba shi da shaidu huɗu, ya faɗa ƙazafi, hukuncinsa bulala 80 a Suratun Nur. Abin da alƙali zai duba shi ne abin da ya taɓa yaron: ana barin sa da yunwa, ba a kai shi asibiti, ana ɗora wa yarinya talla har dare a tasha, an cire shi daga makaranta. Waɗannan ana iya tabbatar da su da shaidar malamin makaranta, ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi, ko maƙwabta.

Na uku, ƙaura. Idan uwa za ta koma wani gari da zama, nisan da ya kai baridi shida, wato fiye da kilomita 100, uba na iya hana tafiya da yaron. Idan uban ne zai ƙaura wannan nisa da niyyar zama na dindindin, kuma hanya da garin suna da aminci, yana iya tafiya da ɗansa, sai dai in uwar za ta bi. Daga Gaya zuwa Wudil bai kai wannan nisa ba, haka daga Ringim zuwa Taura. Cirani kuma ba ƙaura ba ne. Mutumin da yake tafiya Legas ko Fatakwal bayan kaka ya dawo da faɗuwar damina, gonarsa da iyalinsa suna ƙauye, ba shi da hujjar ɗaukar yaro da sunan tafiya.

Sai na huɗu, wanda ya fi cin mata a zaure: yafewa. Macen da ta ce a gaban shaidu "na bar muku shi" ba tare da uzuri ba, ta zubar da haƙƙinta, kuma ba ya dawowa don ta sake tunani. Wadda rashin lafiya ko wata larura ta sa ta bayar, idan larurar ta gushe tana iya karɓa. Dogon shiru ma alƙali na iya ɗaukar sa a matsayin haƙura. Saboda haka wadda aka ɗauke wa ɗa ba da son ranta ba, ta faɗa a gaban mai unguwa ko liman cewa ba ta yarda ba, a wannan makon, kada ta jira shekara. Haka abin yake a hul'i, wato sakin da mace take biya a yi mata. Mace ta gaji da aure, ba ta da kuɗin mayar da sadaki, sai a ce ta bar yara a bakin sakin. Malaman Malikiyya sun halatta hakan da sharaɗin kada yaron ya cutu. Amma macen da ke neman rabuwa saboda duka ko rashin ci da sha ba ta buƙatar hul'i tun farko. Idan ta tabbatar da cutarwa, alƙali yana raba auren ba ta biya komai ba, kuma ko ta riga ta biya, ana mayar mata. Mata da yawa sun sayar da riƙon 'ya'yansu a kan sakin da Shari'a za ta ba su kyauta.

Ciyarwa, inda hukuncin ke mutuwa

Ko alƙali ya ba uwa riƙo, idan babu hatsi a bayansa, wata shida ya yi yawa za ta mayar da yaran da hannunta. Wasu iyaye maza sun san haka, shi ya sa suke cewa, "In tana so ta riƙe, ta ciyar." Wannan magana ba ta da gurbi a Shari'a. Uba yana ciyar da ɗansa namiji har ya balaga yana iya nema, 'ya mace har ta tare a gidan miji, a duk inda suke zaune. Mai riƙo ce ke karɓar abin ciyarwar, uba ba zai ce sai dai yara su riƙa zuwa gidansa cin tuwo ba. Mai cikin da aka saka ana ciyar da ita har ta haihu, wadda sakinta ya yanke kuma tana shayarwa tana da ladan shayarwa, duka biyun a aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ suke. Riƙon kansa ba a biyan lada a kansa, amma kason yaro na wurin kwana alƙali yana ƙiyasta shi.

Kuskuren da ake yi shi ne yanke kuɗi dunƙule, naira kaza a wata, a tashi. Bayan an cire tallafin mai a 2023 kowa ya ga yadda kuɗin da ke sayen tiya biyar ya koma ba ya sayen uku. Fiƙihu ya ba da mafita tun tuni: ana yanke ciyarwa gwargwadon yadda mutum yake samu, kullum, ko mako, ko wata, ko shekara. Manomi a yanke masa da kaka, lokacin da rumbu yake cike. Mai cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ko ta Wudil ran Juma'a a yanke masa mako-mako, washegarin kasuwa. Ma'aikacin ƙaramar hukuma a yanke masa ƙarshen wata. A kuma rubuta da awo. Misali, yara biyu 'yan firamare, idan aka ƙiyasta kowanne tiya huɗu ta gero ko dawa ko masara a wata, tiya takwas ke nan, tiya 96 a shekara, wato buhu biyu da tiya 16 a lissafin buhu mai tiya 40. Sai a rubuta kuɗin niƙa da cefane da sabulu da man shafawa daban, ɗinki sau biyu a shekara, kayan makaranta a farkon kowane zango cikin zanguna uku, kuɗin Islamiyya ko na Laraba, da wanda zai biya magani idan zazzaɓin damina ya zo. Abin da ba a rubuta ba, shi za a yi faɗa a kansa.

Wani abu da ke cin mata shi ne jira. A Malikiyya ciyarwar yaro ta baya ba ta zama bashi a kan uba don kawai lokaci ya wuce, sai in alƙali ya riga ya yanke ta, ko kuma wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi alhali uban yana da hali, kuma ya rantse a kan haka. Wadda ta yi shekara huɗu tana sayar da awakinta tana ciyarwa, sannan ta zo neman na baya, aiki ne ja a gabanta. Wadda ta je a watan farko aka yanke, duk watan da uban ya tsallake bashi ne a kansa. Biyan kuma ya kasance mai shaida: ta hannun rajistaran kotu, ko turawa ta banki a ajiye rasit, ko a auna hatsin a gaban mai unguwa. Wannan kariya ce ga uban ma, don kada a wayi gari a ce bai taɓa ba da ƙwayar gero ba. Idan uba ya tabbata matalauci ne, ciyarwar tana faɗuwa daga kansa har ya samu, kuma mazhabar ba ta wajabta ta a kan uwa ko kaka namiji ba. A nan ne dangi da kwamitocin zakka na masarautu da Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano ya kamata su shigo.

Su ma iyaye maza suna da kuka na gaskiya. Akwai uban da yake auna hatsi duk kaka, amma shekara biyu bai sa ɗansa a ido ba. Ya je ƙofar gidan a ce yaro ba ya nan, ya yi aike a mayar masa, a cusa wa yaron cewa ubansa mugu ne. Akwai inda kaka take karɓar kuɗin ciyarwa, yarinya kuma tana yawo da farantin gyaɗa lokacin makaranta. Shari'a ta ba uba damar duba ɗansa, yi masa tarbiyya, da sa shi makaranta. Yaro yana iya wuni wajensa ko a gona ko wajen sana'a, ya dawo ya kwana wurin mai riƙo. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ta kuma hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa, a jimla guda. Uban da aka yi wa haka, hanyarsa kotu ce: ya nemi a rubuta ranakun ziyara, wurin da za a riƙa kawo yaro, wanda zai kawo shi, da yadda za a raba hutun makaranta da sallah. Idan riƙon ne ya lalace, ya kawo shaidu, a mayar wa na gaba a layi. Abin da ke kashe masa shari'a shi ne tare yaro a hanyar makaranta ya ɗauke, ko dakatar da hatsi don huce haushi.

Sai dai waliccin karatu yana da iyaka. Ana ganin inda uba zai karɓe yaro ɗan shekara shida daga hannun uwa da sunan tarbiyya, bayan wata biyu a ji an haɗa shi da allo da ƙoƙo an tura shi gabas. Ya fita daga hannun uwa, bai zauna hannun uba ba, ga shi a gari mai nisa yana bara. Damar da fiƙihu ya ba uba ita ce tura yaro makaranta ya dawo ya kwana wurin mai riƙo. Uwa ko kaka da ke da riƙo tana da hurumin kai ƙara a kan wannan tafiya kafin a yi ta. Dokokin zamani ma suna gefenta: dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara na karatu, Jigawa ta sa hannu a dokar kare yara a 2021, Kano a 2023.

Hanyar bi ga mai neman haƙƙi ba ta da wahalar ganewa. A fara da takardar saki mai kwanan wata, domin daga ita ake lissafin idda da ciyarwa. A adana takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, katin rigakafi da katin asibiti, su ne ke nuna shekarun yaro da wanda ke kai shi jinya. Sulhu a gaban mai unguwa, dagaci, liman ko ofishin Hisba abu ne mai kyau, ya fi sauri, ya fi rufin asiri, amma Hisba da dagaci ba sa yanke hukuncin da za a tilasta. Duk abin da aka amince a rubuta, kowa ya sa hannu da shaidu, a kai kotun Shari'a a mayar da shi hukunci. Idan sulhu ya ƙi, a shigar da ƙara, galibi a kotun yankin da wanda ake ƙara yake, a biya kuɗin sammaci a karɓi rasit. A faɗi buƙatu ɗaya bayan ɗaya: riƙo, ciyarwa da adadinta, ladan shayarwa in akwai, ranakun ziyara. Alƙali yana hukunci ne a kan abin da aka nema, wadda kunya ta sa ta ce "ni dai a ba ni ɗana" za ta iya fita da ɗa babu hatsi. A kan da'awar dukiya ana karɓar shaidar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya da rantsuwa.

Bayan hukunci a nemi kwafinsa a rubuce. Wanda bai gamsu ba yana ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun Shari'a, daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumin al'amuran aure da riƙon yara na Musulmi. Wa'adin ɗaukaka ƙara ƙayyadadde ne, a tambayi rajistara a ranar da aka yanke hukuncin. Marasa ƙarfi suna iya neman lauya kyauta a Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Waɗanda suka yi auren rajista kuwa, shari'arsu a babbar kotun jiha take, ƙarƙashin dokar aure ta 1970, inda maslahar yaro ce kan gaba.

Duk wannan ya shafi wadda mijinta ya rasu ma. Baffanni sukan zo bayan sadakar arba'in su ce za su raba marayu a tsakaninsu, wani lokaci tare da gonar marayun. Mutuwar uba ba ta kayar da riƙon uwa. Kula da dukiyar maraya aikin wasiyyi ne ko wanda alƙali ya naɗa, daga cikinta ake ciyar da yaron a hannun uwarsa, kuma a nemi kotu ta rubuta gona da dabbobin da aka bar wa kowane yaro, da sunan wanda aka damƙa wa, tun ranar rabon gado.